SHARHI: Haɗa Kwamfuta Mai Sauƙin Kuɗi, Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Duba Kafin Ya Kwance Lalitarsa

Duk mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Magarya da Ɓaɓura, ya san cewa kwamfuta ta zama kayan sana'a kamar sikeli da mudu. Da ita ake buga takardun kaya da rasiɗai, da ita ake cika takardun duwan da na kwastan, da ita ake yi wa yara rajistar jarrabawa, wasu manyan dillalai kuma a cikinta suke ajiye lissafin bashi da na kayan da ke sito. Tun da sabuwa fil a kwali ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, hanyar da aka saba bi ita ce a sayi sassa ɗaya bayan ɗaya a kai wa mai gyara ya haɗa, ko kuma a sayi ta hannu wadda aka sha aiki da ita a ofisoshin Turai da Amurka a yi mata ƙari. To sai dai abubuwa biyu da suka faru a shekarar 2025, dukkansu nesa da mu, sun sauya lissafin wannan ciniki, kuma wanda bai san da su ba yana iya narkar da jarinsa a kan kayan da kasuwa ta riga ta juya wa baya.

Abu na farko shi ne, a ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10, wadda ita ce ke kan mafi yawan kwamfutocin hannu da ke shigo mana. Wannan ba ya nufin kwamfutar za ta daina tashi. Abin da ake nufi shi ne, kamfanin ya daina aiko da gyare-gyaren da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, in ban da wani ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista ta musamman. Magajiyarta kuwa, wato Windows 11, ba ta yarda da kowace irin na'ura ba. Tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma neman furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta kamfanin Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko kuma ta kamfanin AMD, galibi daga Ryzen jerin 2000 zuwa sama. Tun a ƙarshen 2023 kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya yi hasashen cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya komawa shara saboda wannan sharaɗi. Mu kuwa mun san inda irin wannan kaya ke nufa idan masu shi sun gaji da shi: kwantena ce ke kwaso shi zuwa tashoshin Legas da Kwatano da Lome, daga nan ya bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Farm Centre ta Kano har ya iso rumfunanmu.

Abu na biyu shi ne tsadar ram, wato ɗan sandan nan da ake sokawa a jikin babban allo, wanda kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a kansa. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukkan kasuwarsa a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka. Da manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka shiga gina katafaren cibiyoyin sarrafa bayanai, sai waɗannan ukun suka karkata masana'antunsu zuwa irin ram mai tsada da cibiyoyin ke buƙata, domin a can riba take. A cikin 2025 suka fara janye hannu daga ƙera tsohon samfurin DDR4, kafin shekarar ta ƙare kuma farashin ram na masu amfanin gida ya ninka, a wasu kasuwannin ma ya zarce ninki biyu. A watan Disamba na shekarar, Micron ya ba da sanarwar rufe sashensa na Crucial, wanda da shi yake sayar wa ɗaiɗaikun mutane ram da ma'ajiya. Ashe dai abin da ake ba ka kamar gyara a kan ciniki ya koma ɗaya daga cikin sassa mafi tsada a cikin akwatin.

Bugu da ƙari, mu na kan iyaka muna da namu ƙarin nauyin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijar da Nijeriya har zuwa Maris 2024, ita kuwa gadar Gaya da Malanville ta daɗe a rufe bayan haka, abin da ya sa kayan Kwatano suka riƙa zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya ƙaru. Naira da aka sake ta a watan Yuni 2023 tana kusan 460 a kan dalar Amurka ɗaya, ta wuce 1,500 a farkon 2024, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Kayan kwamfuta kuwa da dalar Amurka ake sayo su. Saboda haka wanda ya sari kaya marar amfani ya yi asara biyu, ta kuɗin kaya da ta kuɗin hanya.

To mene ne abin yi? A ganinmu, tambayar farko ita ce aikin da za a yi da na'urar, tambayar farashi ta biyo baya. Mai shagon buga takardu da mai lissafin kaya ba sa buƙatar katin hoto na musamman, wanda sau da yawa shi ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin masu haɗa kwamfutar wasanni. Hoton da ke cikin furosesa ya ishe su. Sai dai a lura, furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta da hoto a cikinta, dole sai an saya mata kati, a ɓangaren AMD kuwa, cikin masu zama a kan allon AM4, waɗanda suka ƙare da harafin G irin su Ryzen 5 5600G ne ke da shi. Mai haɗa finafinai ko zanen gine-gine ne kaɗai ya kamata ya yi tunanin katin hoto.

Daga nan sai karanta lamba, kuma a nan ne ake yi wa mutane da yawa rufa-ido. Za ka ji mai saye yana cewa shi dai i7 yake so, domin ya ji an ce ta fi i5 da i3. Gaskiya ne idan zubinsu ɗaya. Amma lambar da ke bin sunan ita ce ke faɗin shekaru. A i7-4770, lamba 4 ta farko na nufin zubi na 4, kayan 2013. A i5-6500 zubi na 6 ne, a i5-8500 zubi na 8, a i5-10500 kuma zubi na 10. Ke nan i3-8100, duk da ƙanƙantar sunanta, tana karɓar Windows 11 ta hanyar da ta dace, i7-4770 kuwa ba ta karɓa. Kada kuma ganin Windows 11 a fuskar allo ya ruɗi mai saye. Masu gyara sun san dabarar tilasta ta a kan tsohuwar na'ura, Microsoft kuwa ya bayyana cewa ba ya ba irin wannan na'ura tabbacin samun gyare-gyare. A sa mai shago ya buɗe wurin da ke nuna lambar furosesa, a karanta da ido, kada a yi cinikin biri a sama.

Haka nan sassa ba sa haɗuwa kara zube. Kowace furosesa tana da irin gurbin da take zama a kan babban allo, kowane allo kuma yana da irin ram da yake ɗauka. Zubi na 2 zuwa na 4 na Intel da DDR3 suke aiki, galibin na 6 zuwa na 11 da DDR4, daga na 12 kuma akwai allo mai DDR4 akwai mai DDR5, allon AM5 na AMD kuwa DDR5 kaɗai ya sani. Sandan wani samfuri ba ya shiga ramin wani. Wani tarkon ma ya fi wannan ɓoyuwa: zubi na 6 da na 7 da na 8 da na 9 duk gurbinsu sunansa LGA1151, amma furosesar zubi na 8 ba ta tashi a kan allon zubi na 6. Wanda ya sayi allo a Katsina, furosesa a Kano, ram a Maraɗi, ba tare da ya rubuta lambobin ya nuna wa masani ba, yana iya tarar da kansa da kaya uku da ba sa ga maciji da juna.

Wannan ne ya sa muke ganin cewa a irin wannan yanayi, hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya sayi kwamfutar ofis ta hannu a haɗe, irin su Dell OptiPlex ko HP ProDesk da EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, daga zubi na 8 zuwa sama, sannan ya ƙara abin da ya gaza. Dalili kuwa shi ne ram da ke cikinta yakan zo a kan kuɗin akwatin gaba ɗaya, wanda sau da yawa ya fi sayen sabon sanda sauƙi. Amma tun da ram ya yi daraja, ba abin mamaki ba ne a tarar an zare sanda ɗaya a hanya, don haka a buɗe murfi a ƙirga kafin a biya. Giga 8 shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi aiki da shi cikin natsuwa, giga 16 kuwa ya wadatar. Idan kuɗi bai kai ba, a ɗauki 8 a kan allon da ke da ramin da ba a cika ba, a ƙara daga baya. Aibin waɗannan na'urori shi ne, da yawansu akwatin wutarsu na kamfaninsu ne kaɗai, idan ya ƙone sai an nemo irinsa.

Game da ma'ajiya, babu gyaran da ke sa tsohuwar kwamfuta sauri kamar a cire faifan nan mai juyawa a sa mata SSD. Mai giga 256 ya ishi aikin shago, tsohon faifan kuma a bar shi don ajiye kwafi na biyu na lissafi, domin ranar da ma'ajiya ta mutu, sunayen masu bashi ne ke tafiya da ita. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna lafiyar ma'ajiya da yawan awoyin da ta yi tana aiki. A guji SSD marar sunan kamfani da ke iƙirarin girma mai yawa a kan kuɗi kaɗan, araha dai ba ta ado.

Sai batun wuta, wanda masu ba da shawara daga ƙasashen da lantarki ba ya ɗaukewa ba su cika damuwa da shi ba, alhali a wurinmu shi ne ke kashe na'ura. Wutar NIGELEC da ta kamfanonin Nijeriya duk wajen bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka kuwa wajen 120. Wasu tsofaffin akwatunan da suka fito daga can suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230, idan aka jona yana kan 115, nan take akwatin wutar zai ƙone. Kuɗin da za a kashe a kan fitilu masu launi da akwati mai gilashi, gara a sa shi a kan UPS ko na'urar daidaita wuta, musamman ga mai aiki da janareta. Mai sola kuwa, ƙananan kwamfutocin ofis masu girman littafi, waɗanda furosesarsu ta ƙare da harafin T, wat 35 aka tsara wa furosesar tasu, don haka ba sa shanye batir. A tuna kuma da zafin bazara da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu: a ɗaga akwati daga ƙasa, a riƙa hure fanka lokaci zuwa lokaci.

Ga 'yan'uwanmu masu saro kayan don sayarwa, akwai ƙarin abin lura. Allon rubutu na Faransanci, mai farawa da AZERTY, shi ake nema a Maraɗi da Damagaram, na Ingilishi mai QWERTY kuma a Katsina da Sakkwato, haka ma kan filogi, mai ƙafa zagayayye a wannan gefe, mai ƙafa uku masu faɗi a wancan. Tsofaffin na'urori 'yan zubi na 4 zuwa na 7 kuwa ba mu ce a zubar da su ba. Suna iya buga takardu na shekaru idan ba a jona su da intanet ba, suna kuma aiki lafiya da manhajojin kyauta irin su Linux Mint da LibreOffice. Abin da bai dace ba shi ne a sare su da tsada, ko a sayar wa mai aikin tura kuɗi da harkar banki ba tare da an gaya masa halin da suke ciki ba. Kasuwar kan iyaka da amana take tafiya, wanda aka cuta a Ɗan Isa yau, gobe labarin ya isa Jibiya.

A taƙaice dai, ba mu da iko a kan abin da Microsoft ko masu ƙera ram suka yanke a ƙasashensu, amma muna da iko a kan abin da za mu biya kuɗi mu ɗauka. A duba zubin furosesa, a ƙirga ram, a gwada ma'ajiya, a ware kuɗin kariyar wuta tun kafin a fara taya kaya, a kuma nemi mai shago ya rubuta lambobin a kan rasiɗi tare da kwanakin gwaji. Sayen nagari mai da kuɗi gida, in ji masu iya magana. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.