Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jama'a, akwai wani irin saƙo da ya ke yawo cikin wayoyinmu a wannan zamani, kowa ya san shi. Hoton jariri ne ɗan mitsitsi, kwance cikin kwalba, an sa masa roba a hanci, a ƙarƙashin hoton kuma ga lambar asusun banki. Sai a ce uwarsa ta tafi ƙasar waje, naƙuda ta kama ta tun lokaci bai yi ba, asibiti ya ɗora musu kuɗin da ko sun sayar da gida ba za su iya biya ba, a taimaka saboda Allah. Mu kan taimaka, kuma daidai ne mu taimaka. Amma yau muna so mu koma baya kaɗan, mu duba yadda a ke yi har a kai ga wannan hoto.

Dalilinmu kuwa shi ne, matanmu 'yan kasuwa yanzu ba a zaune su ke ba. Ana tafiya Dubai da Sin da Masar saro kaya, ana tafiya Umra, ana zuwa Ingila ganin 'ya'ya. Cikin masu tafiyar nan akwai masu juna biyu, cikinsu kuma akwai waɗanda aka riga aka gaya musu a wurin awo cewa cikinsu yana da haɗari. Watau mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai ɗauke da tagwaye ko 'yan uku, da wadda ta taɓa haifar bakwaini ko aka taɓa yi mata aiki, da wadda ta ga jini tun cikin yana ƙarami. Da su mu ke magana yau, da mazajensu.

Bari mu fara da abin da ya sami wata mata ta ƙasar Kanada, domin a ga al'amarin bai bar ko Turawa masu arziki ba. Cikin watan Oktoba na 2013 wannan mata ta hau jirgin sama da mijinta, tana da cikin wata shida, suka tafi hutu Hawayi, wata jiha ta Amurka da ke tsakiyar teku. Likitanta ya yarda ta tafi. Ta sayi inshorar tafiya, watau takardar da a ke biya wa kuɗi kaɗan domin in ciwo ya sami matafiyi kamfani ya biya asibiti. Kwana biyu da saukarsu faya ta fashe. Ta yi mako shida kwance a asibiti, aka ciro mata 'ya mace ranar 10 ga Disamba, saura mako tara lokacinta ya yi. Jaririyar ta yi wajen wata biyu a ɗakin bakwaini. Da aka kawo lissafi sai ga dala 950,000.

To, ina inshorar? Kamfanin ya ce ba ya biya. Ya ce matar ta yi ciwon mafitsara da zubar jini tun cikin yana wata huɗu, saboda haka da ciwonta ta zo. Ya kuma ce wa'adin takardarta ya ƙare ranar 9 ga Nuwamba, tana kwance, tun ba a haifi jaririyar ba. Likitanta ya rubuta cewa ciwon mafitsarar ba shi ya kawo haihuwar ba, duk da haka kamfanin bai sauya magana ba. Ga mace mai ilimi, ta tambayi likita, ta sayi takarda, ta yi duk abin da mai hankali zai yi, amma ta koma gida da bashin da ya fi ƙarfin zuriyarta.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Takardar inshora tana da ramuka, kuma an rubuta su da ƙananan baƙaƙe a shafin da ba wanda ya ke karantawa. Rami na farko shi ne ciwon da aka zo da shi: duk abin da ke rubuce a katin awonki kamfani yana iya kafa hujja da shi. Na biyu shi ne makonni: kowane kamfani yana da makon da ya ke cire hannunsa daga mai ciki, waɗansu tun kafin mako 30, waɗansu kuma ba su karɓar tagwaye ko cikin da aka samu ta hanyar dashe ko kaɗan. Na uku shi ne jaririn kansa: sunan uwa ne a takarda, shi kuwa ba a san da shi ba, alhali kwalbar da za a sa shi ita ce ta ke cinye dukiya. Na huɗu shi ne wa'adi: kin sayi ta mako biyu, ciwo ya tsare ki wata uku.

Kada kuma a ruɗe da cewa jirgi ya yarda ya ɗauke ki. Yawancin kamfanonin jiragen sama su kan ɗauki mai ciki har mako 36, mai tagwaye har mako 32, bayan mako 28 kuma su kan nemi takardar likita. Damuwarsu ita ce kada ki haihu a sama. Abin da zai same ki bayan kin sauka ba ya cikin lissafinsu. Haka kuma inshorar da dillalin tikiti ya kan haɗa miki domin a sami biza: ya saye ta ne don ofishin jakadanci ya buga hatimi, bai tambaye ki watan cikinki ba.

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne. To, ga na 'yar ƙasarmu. Cikin Nuwamba na 2016 wata 'yar Nijeriya mai shekara 43, tana ɗauke da 'yan huɗu, ta tafi Shikago domin ta haihu a can, bisa shawarar cewa asibitin gida ba shi da kayan da zai riƙe jarirai huɗu. Ma'aikatan shige da fice na Amurka suka mai da ita daga filin jirgi. A hanyar komowa naƙuda ta taso, saura wajen wata uku, aka kai ta wani asibitin gwamnati a Landan. Biyu daga cikin jariran suka rasu. Sa'ad da gidan talabijin na BBC ya nuna labarinta cikin Fabrairu na 2017, bashin ya riga ya wuce fam 330,000, kuma yana ƙaruwa kullum. Jaridun Ingila suka yi ta yawo da ita kamar ɓarauniya, ita kuwa uwa ce da ta fita neman inda 'ya'yanta za su rayu.

Ya kamata kowane matafiyi ya san dokar waɗannan ƙasashe. A Ingila ba a korar mai naƙuda, amma tun 2015 baƙo ya kan biya fam 150 a kan aikin da kuɗinsa ya ke fam 100. In bashin ya kai fam 500 ya kuma wuce wata biyu ba a biya ba, asibiti yana iya kai sunan mutum ofishin shige da fice, a hana shi biza nan gaba. A Amurka akwai doka tun 1986 wadda ta tilasta wa asibiti karɓar mai naƙuda ko ba ta da ko kwabo, amma dokar ba ta yafe bashin ba. Tun Janairu na 2020 kuma aka ba jami'an biza ikon hana mace in sun ga zuwa haihuwa domin samar wa ɗa takardar zama ɗan ƙasa shi ne nufinta, mai zuwa neman magani kuwa sai ta nuna tana da abin biya. 'Yar kasuwar da aka rufe wa ƙofar biza, ai an rufe mata rumfa ke nan.

Sa'an nan mu zo kan ƙoƙon bara na intanet, wanda mutane da yawa suka ɗauka shi ne mafita in ta ɓaci. Mu kan ji labarin wanda aka tara wa miliyoyi cikin kwana biyu. Ba mu kan ji labarin sauran ba. Cikin 2022 waɗansu masana na Jami'ar Washington suka buga binciken da suka yi a kan roƙon kuɗin magani fiye da 437,000 da aka sa a GoFundMe a Amurka daga 2016 zuwa 2020. Waɗanda suka sami abin da suka nema ba su kai 12 cikin 100 ba. Wajen 16 cikin 100 kuwa ko sisi ba wanda ya ba su. Suka kuma tarar kuɗin ya fi taruwa a wuraren masu hali, inda bukata ta fi ƙanƙanta. Ashe ko a bara ma mai abokai masu kuɗi shi ne a gaba.

Ku yi lissafi da kanku. Bashin fam 330,000, in kowa zai ba da fam goma, sai an sami mutum 33,000. Wace 'yar kasuwa ce ta san mutum 33,000? Ga shi kamfanin yana cire ladansa daga kowace gudummawa, a Amurka kusan kashi 3 cikin 100. Ga shi ba a fitar da kuɗin sai ta asusun banki na ƙasashen da kamfanin ya lissafa, yawancinsu na Turai da Amurka, wanda ba shi da asusu a can sai ya nemi wani ya karɓar masa, ya zauna yana addu'ar Allah ya sa mai amana ne. Ga kuma macuta da su ke satar hoton jaririn wani su sa lambar asusunsu, har jama'a sun fara shakkar mai gaskiya. A kan wannan duka, mace tana kwance cikin ciwo, sirrin cikinta da ko surukarta ba ta gaya wa ba ya zama abin kallo a wayar kowa.

Saboda haka ga shawararmu, kuma ba ta bukatar ko kwabo sai ƙoƙari.

Na farko, 'yar'uwa, kafin ki biya kuɗin tikiti ki koma wurin awo, ki gaya wa likita ko ungozoma ƙasar da za ki da kwanakin da za ki yi. In sun ce ki zauna, ki zauna. Kaya ba su ƙarewa a Dubai. Ki ba abokiyar ciniki amintacciya saƙo, ko ki yi oda ta waya kamar yadda da yawa su ke yi. Ribar tafiya ɗaya ba ta kai ran mutum biyu ba.

Na biyu, in tafiyar ta zama tilas, kada ki ɓoye cikin, ko ga likita, ko ga kamfanin inshora, ko ga Hukumar Alhazai wadda ta ke gwada mata ta kuma hana masu ciki tashi. Wadda ta ɓoye ta ba kamfani wuƙar da zai yanka ta da ita. Ki sa a rubuta wa kamfanin tambaya huɗu: Kun san ina da ciki na mako kaza, da ciwo kaza? Har wane mako za ku biya? In na haihu a can, za ku biya wa jaririn, har nawa? In ciwo ya tsare ni bayan wa'adi, takardar za ta ci gaba? Amsar ta zo a rubuce, da sunan kamfanin. Maganar baka ta dillali ba ta da amfani ranar da asibiti ya miƙo lissafi. Wadda ba ta karanta Turanci ta kai takardar wurin wanda zai karanta mata ita duka, har ƙananan baƙaƙen.

Na uku, malam mai gida, wannan magana taka ce. Kai za a bugo wa waya da tsakar dare, kai za ka bi 'yan'uwa gida gida. Ka zauna da iyalinka ku karanta takardar nan tun kuna gida.

Na huɗu, shugabannin kasuwa, mu da mu ka iya adashi tun kakanni, me zai hana kowace ƙungiya ta ware asusu domin ciwon da ya sami ɗan ƙungiya a hanya? Ƙungiya mai mutum ɗari biyar in ta je wurin kamfanin inshora, ko na takaful ga mai son haka, za ta sami sharaɗin da mutum ɗaya ba zai samu ba, har ta ce sai an sa masu ciki da jariransu a rubuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gudummawar da aka tara tun ana lafiya ta fi wadda a ke roƙo da hawaye.

Amma fa ba za mu rufe ba sai mun faɗi tushen ciwon. Me ya fitar da waccan uwar 'yan huɗu daga ƙasarta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 82,000 ne suka mutu a Nijeriya wajen ciki da haihuwa cikin 2020, fiye da rubu'in na duniya duka. A nan Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari cikin 2001 za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta taɓa cika shi ba. An sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa cikin 2022, an yi shelar yi wa mata matalauta aikin haihuwa kyauta cikin Nuwamba na 2024. Madalla. Sai mu tambayi wakilanmu, kowa a mazaɓarsa: kwalba nawa ce mai aiki a babban asibitinmu, kuma in wuta ta ɗauke me ke riƙe ta? Manya in matansu sun tashi haihuwa sun san hanyar filin jirgi, sun kuma san inda kuɗin zai fito. Talaka ne ya ke bin sawunsu da bashi, ya komo da ƙoƙo.

In hoton jariri ya shigo wayarku gobe, ku bincika, in gaskiya ne ku ba da abin da ya sawwaƙa. Sa'an nan ku juya ga 'yar'uwarku da ke shirin tafiya da ciki, ku tambaye ta ko ta sami amsar tambayoyin nan huɗu a rubuce. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya kai matafiya ya komo da su. Amin.