Darasin Maiduguri

'Yan'uwana ɗalibai, a shekarar 2021 'yan ƙwallon Jami'ar Maiduguri suka ɗauki kofin gasar manyan makarantun Nijeriya, alhali garinsu ya daɗe yana shan azabar Boko Haram. Ba su jira sai ƙura ta lafa ba.

Ni mutumin 'Yargoje ne, ƙasar Ƙanƙara. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, tsoro ya raba ƙannenmu da yawa da filin tamaula. To, wa zai buga wa jami'o'in Katsina gobe?

Ina roƙon ƙungiyarmu ta riƙa gayyato makarantun karkara wasa a filinmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.