Ra'ayinmu: Mai son kwana a Kola, ya hau tudu

Kwazazzabon Kola, kusa da garin Gidar a arewacin Kamaru, wuri ne da kogin Mayo Luti ya sassaƙe dutse ya bar lunguna masu zurfi. Da rani ruwa kan janye, har mutum ya taka yashi a tsakiyarsu. Shi ya sa samari ke sha'awar ɗaukar tabarma da butar shayi su kwana can, ba lantarki, ba famfo. Wannan ba laifi ba ne.

Amma fa kogin daga duwatsun Mandara yake gangarowa. Ana iya tafka ruwa can wajen Mokolo alhali sama garau take a Kola, cikin dare sai ruwan ya iso. A matsattsen rami ina wurin gudu? Don haka daga watan Mayu zuwa Oktoba kada kowa ya shimfiɗa tabarma a ƙasan kwazazzabon. A hau tudu.

Muna kira ga hukumar garin Gidar ta keɓe wurin kwana a saman gaɓa, ta kafa allunan gargaɗi da Faransanci, Fulatanci da Hausa, ta kuma ɗauki 'yan ƙauyen da suka san halin kogin su zama 'yan jagora.

Ku kuma baƙi, ku kwashe ledojinku, ku yi bahaya nesa da ruwa, don mutane da dabbobi na amfani da shi a ƙasa. Iyaye, in yaro ya ce zai kwana Kola, ku tambaye shi: a ina zai shimfiɗa tabarmar?