A Koya Wa Yara Juya Kalma Da Hausa

Akwai wani ɗan aiki da a kan fara ba mai koyon rubuta wa kwamfuta umarni. A kan ce ya sa ta juya kalma daga ƙarshe zuwa farko, sa'an nan ta faɗi ko kalmar ta sake ko tana nan yadda ta ke. Irin kalmar da ba ta sakewa Turawa suna kiranta palindirom. Muna da su a Hausa: uku, nan, aya, awa, a'a. Har lambobi ma, kamar 1991 da 2002.

A harshen Python layi ɗaya ya isa, watau kalma[::-1]. Wannan sauƙi shi ne abin tsoro, domin yaro ya kan kwafe layin ya ci maki, alhali bai san abin da ya faru ba.

Ra'ayina shi ne a fara a kan allo, da kalmomin Hausa. Yaro ya ɗora yatsa ɗaya a harafin farko, ɗaya a na ƙarshe. In sun yi daidai ya matso da su ciki, in sun saɓa ya tsaya. Kalma mai haruffa biyar gwaji biyu ta ke bukata, na tsakiya ba shi da abokin gwami.

Sa'an nan a ba shi sunan Idi. Kwamfuta za ta ce gabansa da bayansa ba ɗaya ba ne, don a wurinta babban I dabam ya ke da ƙaramin i. Sai an mai da haruffan duka ƙanana.

To, ga ashsha. A Hausa sh harafi ɗaya ne, kamar ts, saboda haka a-sh-sh-a ko ta ina aka karanta ɗaya ce. Amma kwamfuta s da h ta ke gani dabam dabam, sai ta fito da ahshsa, ta ce a'a. Layin da aka kwafo ba zai gyara wannan ba. Tilas yaro ya zauna ya koya mata ta riƙe sh da ts a haɗe kafin ta juya.

Nan ne zai gane na'urar ba ta san harshe ba, abin da aka gaya mata kurum ta ke bi. Mu da za mu tsaya gaban aji gobe, lalle mu gwada wannan da hannunmu tun muna nan. Allah ya sa mu dace.