Ran Da Wa'adin Jingina Ya Cika

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan manomi yakan jinginar da fadamarsa ta rake, a ce shekara 3. Wa'adi na cika, maimakon fansa, sai mai kuɗi ya ce, "Malam, karɓi ƙari mu sabunta." Wannan sayen gona ne a ɓoye. Kowace shekara yana dafa mazarƙwaila, bashi kuwa bai ragu da kwabo ba. Waɗansu sun ce jayayya da maƙwabci abin kunya ne. To, kunya za ta ciyad da magada? Wanda ya yi yaƙi da jahilci ba shi da hujjar dangwala wa takardar da bai karanta ba. Lalle ya ji sharaɗin wani mai kuɗin, ya gwada, sa'an nan a rubuta ranar fansa gaban dagaci da shaidu.