Durban: Wa Aka Ba Tudu, Wa Aka Bar wa Kwari?

Daga daren 11 ga Afrilun 2022 zuwa wayewar gari, ruwan da ya sauka a wasu sassan Durban ya haura milimita 300. Gangare ya zaftare, gadoji suka karye, kwantenonin tashar jiragen ruwa suka watse a kan titi. Mutum fiye da 400 suka rasu a lardin KwaZulu-Natal. Shugaba Cyril Ramaphosa ya danganta abin da sauyin yanayi, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya duba unguwannin da aka fi haƙo gawawwaki zai ga cewa ambaliyar ta bi taswirar da 'yan Adam suka zana tun kafin a haifi yawancin mamatan.

Durban na gaɓar Tekun Indiya, a gabashin Afirka ta Kudu, inda igiyar ruwa mai ɗumi da ake kira Agulhas ke sa damina ta zo da gumi, hunturu kuma ya wuce ba a ji shi ba. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar birnin 'yar kaɗan ce. Bayan gaɓa akwai tudun Berea mai jan yashi, daga nan kuma sai tuddai da kwaruruka, waɗanda koguna irin uMngeni da uMlazi suka tsattsaga a hanyarsu ta zuwa teku. A irin wannan wuri, tsawon kamu kaɗan na iya raba gidan da ke shan iskar teku da gidan da ke shan laka.

Fataken Ingila sun kafa zango a bakin gaɓar a 1824, zamanin Sarki Shaka, aka raɗa wa garin sunan gwamna Benjamin D'Urban a 1835. Noman rake ya kawo 'yan ƙwadago daga Indiya tun daga Nuwamban 1860, sannan zinaren Johannesburg da layin dogon da ya haɗa su a 1895 suka mayar da garin babbar ƙofar kasuwancin ƙasar. A nan Gandhi ya sauka a 1893, a nan kuma Ahmed Deedat ya kafa cibiyarsa ta wa'azi. Tun da wuri Turawa suka haye Berea, suka bar wa saura fadama.

Abin da ya bambanta Durban shi ne yadda hukumar birnin ta mayar da wariya sana'a tun kafin gwamnatin ƙasa ta koya. Bayan dokar 1908, hukumar ta kankane sayar da giyar dawa, ta hana matan Zulu dafa tasu, ta riƙa amfani da ribar gidajen giyarta wajen gina barikokin ma'aikata da biyan masu sa musu ido. Wato talaka ne ya riƙa biyan kuɗin takunkuminsa daga aljihunsa. Wasu garuruwa suka kwaikwayi dabarar har ta samu suna "tsarin Durban". Da dokar rabe unguwanni ta zo a 1950, sai aka mayar da koguna da tuddai iyakoki tsakanin jinsuna. Aka rushe Cato Manor, wadda ke dab da tsakiyar gari, aka kwashe baƙaƙe zuwa KwaMashu da Umlazi, Indiyawa kuma zuwa Chatsworth, daga baya Phoenix. A kudu, aka bar mazauna Wentworth da Merebank suna maƙwabtaka da matatun mai.

An soke waɗannan dokoki, amma farashin fili ya gaji aikinsu. Wanda ya baro ƙauye yau don neman aiki ba zai iya hayar Berea ba, kuɗin mota daga nesa kuma zai cinye masa albashi. Sai ya kafa ɗakin kwano a filin da kowa ya ƙi: bakin rafi, ko gangaren da yashinsa ke narkewa in ya sha ruwa. Masu cewa ganganci ne ya kashe su sun manta cewa ba a ba su wani wurin ba. Ƙungiyar mazauna irin waɗannan matsugunai, Abahlali baseMjondolo, wadda ta taso a Kennedy Road a 2005, ta shafe shekaru tana neman a ba mutane fili mai aminci a cikin gari, an kuma kashe da dama daga cikin jagororinta.

Adalci ne a ce ruwan bai tsallake masu hali ba. Gidajen alfarma sun rufta a Umdloti, masana'antar Toyota da ke Prospecton ta yi watanni a rufe. Kuma Durban ba jahilar birni ba ce a wannan fanni: ta karɓi taron duniya kan sauyin yanayi a 2011, jami'arta Debra Roberts kuma ta kai matsayin shugabanci a kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan ne ma ya sa uzurin ya yi rauni. Ilimin yana nan, takardun tsari suna nan. Kuɗin ne ya fi son inda baƙi ke gani, kamar filin wasa na Moses Mabhida (inda Najeriya ta ci Mali 4 da 1 a 2013) da doguwar hanyar shan iska ta bakin teku, alhali magudanai da bututun najasa suna ruɓewa a ƙasa.

Hukumar eThekwini, wadda ta haɗa birnin da kewayensa tun 2000, tana da filaye a kusa da wuraren aiki, tana da ikon sayen wasu. Raba su ga mazauna bakin rafi zai fusata masu gidajen tudu, gyaran bututu kuma ba ya kawo bikin yanke ƙyalle, shi ya sa ake jan ƙafa. Bayan ambaliyar, matatun najasa da suka lalace sun riƙa tura ƙazanta cikin uMngeni, kogin ya kai ta teku, har dole aka rufe wuraren wanka na gaɓar na tsawon watanni, otel-otel suna kallo.