Wasiƙa ga Malaman Ingilishi na Dogarawa da Kewaye

Malamai 'yan'uwa, daga Konni zuwa Malbaza har Illela. Sannunku da fama da alli da allo.

Kun fi kowa sanin matsayin darasinmu. Da Faransanci ake koyar da lissafi da tarihi da kimiyya, Ingilishi kuwa 'yan sa'o'i ne a mako. Yaro ya haddace abin da zai tsallake jarrabawar BEPC ko BAC da shi, a ba da hutu ya watsar. Idan muka tashi zaburar da shi sai mu jawo masa Mandela ko Obama. Manyan mutane ne, amma ɗan Dogarawa ba ya hango hanyar da ta taso daga ƙofar gidansu ta kai can. Ku nuna masa waɗanda sawunsu ya bi ta ƙasarmu.

Ku fara da Dandaji, nan cikin Illela. Akwai tsohon masallacin ƙasa da aka mayar ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin jar ƙasa, aka kammala a 2018. Mariam Issoufou Kamara ce ta zana aikin tare da Yasaman Esmaili, 'yar Iran. Mariam a Nijar ta tashi. Ta tafi Amurka ta karanta ilimin kwamfuta, ta yi aiki da shi, sannan ta ajiye ta koma aji a Jami'ar Washington don koyon zanen gine-gine, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Da Ingilishi ta yi wannan karatu, da shi take bayyana wa duniya darajar ginin ƙasa da wasunmu ke jin kunyarsa. Hirarrakinta suna nan a intanet. Ku kunna guntu a waya, a saurara, a maimaita, sannan kowane ɗalibi ya siffanta ginin da jimloli kaɗan nasa na kansa. Ina roƙonku, ku sa 'yan mata su fara magana a ranar, domin su ne ake cirewa daga makaranta tun kafin su san abin da za su iya.

Ga kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin aji irinmu, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ya yi jawabi da Ingilishi, kuma shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Duk uban da ke tsoron harshen Turawa zai raba ɗansa da nasa, a ba shi wannan labari.

Amma wanda zai fi ratsa yara shi ne mai rai da zai shigo ajin da ƙafarsa. Asibitin Galmi tun 1950 yake karɓar likitoci baƙi, akwai ma'aikatan jinya da tafintoci 'yan yankin nan da suka koyi aiki da su. Akwai fataken albasa da ke ciniki a Kumasi da Akara, da samarin da suka ƙetare iyaka suka yi karatu a Sakkwato. Ku gayyato su. Kada ku gyara musu magana gaban yara, kada ku bari a yi dariyar lafazinsu. Su faɗi yadda harshe ya sarƙe musu da fari, da ranar da aka zambace su a ciniki don ba su ji abin da aka ce ba. Ɗalibin da ya ji babba na kuskure kuma yana cin abinci da harshen, bakinsa zai buɗe.

Tun 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Takarda ta faɗa, amma a ajinku ne za a ga ko ɗan manomin albasa zai samu rabonsa. Kafin hutun da ke tafe, kowannenku ya nemo baƙo ɗaya, ya sa ɗalibai su shirya tambayoyinsu da Ingilishi tun daga gida.

Allah Ya ƙara basira.

Naku,
ɗan'uwanku a aikin koyarwa